Yadda Si Tuhami Ya Sauko da Mu Daga Soro

Da mijina Si Larbi ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni kaɗai na yi takaba a gidan, don 'yata tilo tana aure a Miknas. Burodi kuwa ba ya takaba. Kullum da safe sai in kwaɓa, in jera a kan allo, in rufe da ƙyalle, in tura bakin ƙofa, kamar yadda duk macen garinmu Fas take yi in ba ta da mai kai mata tanderun unguwa. Maƙwabcin da ya fara wucewa shi ke ɗauka. To a shekarar nan mazan lungunmu duk sun kamu da ciwon wuya, ba mai iya duban ƙasa. Si Tuhami ne kaɗai yake sunkuyawa. Ya ɗauka, ya kai, ya dawo da shi da zafinsa, ya buga ƙofa ya wuce, bai taɓa tsayawa jiran godiya ba. Har na cire fararen kayan takaba bai yi fashi ba.

Sai daga baya mai tanderu ya gaya mini Si Tuhami ba shi kaɗai yake zuwa ba. Da Turawa yake zuwa a bayansa, ya ɗage ƙyallen su yi ta ɗaukar hoto, yana gaya musu wai burodin wata tsohuwa ne mai shekara ɗari da ba ta taɓa ganin titi ba. A lokacin ban daɗe da haura hamsin ba. Ban riƙe shi a zuciya ba. Burodina ya je ƙasashen da ban san sunansu ba, kuma ya dawo da zafi. Na ci, na yi masa addu'a, har yau ina yi.

Uban Si Tuhami mai alfadari ne, mutumin kirki, ya ƙare rayuwarsa yana hawa da gangara da buhunan gari yana kiran "balak", wato a kauce a ba da hanya. Ɗan ya gaji muryar, sai dai ya juya ta. Uban buɗe hanya yake yi, ɗan kuwa rufewa. Yakan tsaya kusa da ƙofar gari ya jira baƙon da ke juya taswira sama da ƙasa, ya matso cikin tausayi ya ce masa can a rufe yake, yau akwai salla. Mu da muke nan ba mu san ranar da babu salla ba. Daga nan sai ya ja baƙon lungu-lungu har ya manta inda gabas take, su ɓulla majema, a shagon fata na surukinsa, an danna masa na'ana'a a hanci saboda wari. An ce ya iya faɗin "a rufe yake" da harsuna fiye da yatsun hannu. Sauran maganar da hannun yake ƙarasa ta.

'Yan sandan da ke tsaron baƙi sun sha kwana da shi a wurinsu. Amma ba su ne suka raba shi da sana'ar ba, gwiwoyinsa ne. Garin nan in ba hawa kake ba to gangara kake. Da gwiwa ta ƙi, sai gidan ya koma kan matarsa, Lalla Kenza, da maɓallan siliki da take kitsa wa teloli. Shi kuma ya samu kujera a shagon gahawa yana bayanin yadda tarbiyya ta lalace.

A shekarun ne manyan gidajen lungun suka fara komawa na haya. Ba irin hayar da muka sani ba, wadda mutum zai zauna har ya aurar da 'ya'ya. Wannan ta kwana biyu ko uku ce, ta waya ake kamawa, mai gida bai ga baƙo ba, baƙo bai ga mai gida ba. Gidan da ke jikin nawa ma haka ya zama. Tsohon mai gidan ya rasu, ɗansa Si Mamun yana Kasablanka, ya turo aka gyara, aka sa fitilu masu launi a inda uwarsa take tankaɗe. In baƙo ya tafi sai ya ba gida taurari a waya, kamar yadda malami yake ba ɗalibi maki, kuma da taurarin na gaba yake zaɓa.

Taurarin Si Mamun ba su yi haske ba a farko. Ba gado baƙin suka kuka da shi ba, ba ruwan zafi ba, da garin suka kuka. Wannan ya ɓata tun daga ƙofar gari da akwati a hannu. Wannan alfadari ya take masa ƙafa. Wannan kuma wani ya ce masa hanya a rufe take, ya tsinci kansa da jakar fata da bai yi niyyar saye ba. Da labari ya kai shagon gahawa, an ce Si Tuhami ya girgiza kai ya ce wallahi abin kunya ne, mutane ba sa tsoron Allah. Ya kira Si Mamun ya ce masa da ɗan gari akan ci gari, gida ba ya rasa komai, baƙin ne suke shigowa ba shiri. A ba shi su ya shirya su.

Aka ba shi makulli. Ya ɗinka farar jallabiya, ya sayi tabarau a kasuwa, irin wanda gilashinsa da na taga duk ɗaya, don kwarjini. Da ganin taurarin Si Mamun sun motsa, sai sauran masu gidajen da ke zaune nesa su ma suka miƙo nasu makullan. Ya rataye su a ɗamara, in yana tafe tun daga bakin lungu ake jin sa, kamar alfadarin ubansa.

Na san shirin nan da ka. Tsakar gidajenmu a buɗe take ta sama, bango ɗaya ya raba mu, shi kuma Si Tuhami yana da ɗabi'ar faɗin magana da harshenmu tukuna kafin ya juya ta zuwa nasu, ko don ya ji daɗinta sau biyu. Ina zaune da carbina bayan azahar sai in ji an zuba shayi, an fara.

Wanda ya gaishe ku kada ku amsa, gaisuwa a nan ƙugiya ce. Abin da ba za ku saya ba kada ku kalle shi, abin da za ku saya ma kada ku kalle shi. In kun ji "balak" ku manne da bango, kada ku tsaya tambaya, alfadari bai san fasfo ba. Wanda ya ce muku hanya a rufe take maƙaryaci ne, wanda ya ce a buɗe take shi ne ya fi haɗari, don ya yi karatu. Kada ku bi yaro, kada ku bi tsoho. Ranar Juma'a gari a rufe yake, wannan kam gaskiya ce. Da yamma kuma sai ya kira masu gidajen ɗaya bayan ɗaya yana koya musu abin da za su tura wa baƙi tun kafin su hau jirgi, don tsoron ya samu lokacin nuna.

Maganar Allah, ba ƙarya a yawancin abin da yake faɗa. Ai shi ya ƙirƙiro rabinsu. Amma ya shirya baƙin har suka shiryu fiye da kima. Mutum ya ƙetaro teku don ya ga Fas, ya sha shayin Si Tuhami, sai ya leƙa ƙofa ya ga mai sayar da ƙwai ya yi masa murmushi, ya koma ciki da sauri ya sa sakata. Na taɓa ganin wasu mata da miji manne da bangona sun rufe ido, alhali mai kiran "balak" ɗin yana can wani lungu.

Baƙon da ya wuni a ɗaki kuwa ba ya ba da taurari. Nan Si Tuhami ya samo dabara. Ya ce me ya kai ku titi? Ku hau saman soro, ga Fas duka a gabanku, hasumiyoyi, duwatsu, faɗuwar rana, ba mai taɓa aljihunku. Ya sayo kujeru da laima, ya sa matar da ke share gidan ta hau da su. Shi bai hau ba. Namijin Fas ba ya hawa soro. Tun ranar da aka daina shiga da shi gidan wankan mata yake sallama da sama, sai in rufi ya tsage, shi ma sai an yi shela mata sun sauka. Si Tuhami haifaffen lungun nan ne, ya san wannan sarai, ya kuma kiyaye shi a kansa. Saboda haka ya yi ta tallar abin da bai gani ba tun yana ɗan mitsitsi. A tunaninsa hasumiyoyi ne a can. Akwai su, amma nesa. Abin da ke kusa mu ne, don soron gidan Si Mamun ya ɗara na kowa tsawo.

Titi na maza ne, masallaci yawanci nasu, shagon gahawa nasu. Mu sama muke da ita. Bayan la'asar kowace ta hau, ta yar da ɗankwali, ta sha iska. A can muke shanya, a can muke tsince alkama, a can ake busar da gashi bayan wanka, a can ake miƙa gishiri da labari ta kan katanga. Mace takan tafi daga farkon lungu zuwa ƙarshensa ta sama, tana tsallake gajerun bangaye, ba ta saka takalmi ba. Da na fita takaba, ba titi na fara fita ba, sama na fara hawa, kuma a can na fara yin dariya.

Lalla Mina, matar Si Allal wanzami, ita ta fara gani. Ta kwaɓa lalle a kai, ta ɗaure zani a ƙirji tana shan rana, sai ta ji tafi. Ta ɗaga ido, ga maza da mata jere a kan kujeru, ƙafa kan ƙafa, kofi a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Ɗayansu har ya ɗaga mata hannu. Ta ce ba ta san da ƙafa ta sauko ba ko da baya.

Matan suka ce ni zan yi masa magana, tunda ni ce ba ni da miji da zai mayar da abin faɗa, kuma yana jin nauyina. Na tare shi a bakin ƙofata yana wucewa da kacau-kacau ɗinsa. Muka gaisa, na tambayi gwiwa, na gaya masa abin da ake gani daga can.

Ya gyara tabarau. "Lalla Zuhur, waɗannan ai ba maza ba ne, baƙi ne. Kwana biyu sun tafi. Idon da ba zai sake ganinki ba ai kamar bai gan ki ba."

Na ce, "Si Tuhami, mala'ikan da ke kafaɗarka ma haka yake lissafi?"

Ya yi dariya ya ce ni dai ba a raba ni da wa'azi. Sannan ya sauke murya ya gaya mini gaskiyarsa. Soron nan shi ya ɗaga taurarin. In ya rufe shi, Si Mamun zai karɓe makulli, in Si Mamun ya karɓe sauran za su bi, don duk bakinsa suke kallo. Shi kuma ba shi da gwiwar komawa ƙofar gari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ya yi alkawarin zai gyara.

Ya kuwa gyara. Washegari na ji an ƙara sabon babi a shirin: in kun hau sama, akwai mata a kan sorayen maƙwabta, ba lulluɓi, suna harkokinsu kamar yadda kakanninsu suka yi, kada ku kalle su, kada ku ɗauki hoto. Waɗanda da hasumiya suke nema, yanzu an gaya musu inda za su duba. Tun kafin la'asar ake rigen kujera.

Muka koma hawa da lulluɓi, muna shanya da sauri kamar masu sata. Wasu suka ce a kai ƙara wurin mai unguwa. Mai unguwa ya saurara, ya ce zai duba, ya kuma duba, don an gan shi yana shan shayi a gidan.

Bayan Babbar Salla abin ya fashe. Lokacin ne kowane soro yake cika da naman layya, an yanyanka an shafe da gishiri da yaji an rataye a igiya. Aikin nan ba a yin sa da mayafi, hannu duk mai. Wani baƙo ya ɗauki hoto ya sa a waya tare da taurarinsa cif, ya rubuta cewa a nan ya ga Fas ta gaskiya. Si Mamun ya ji daɗi, ya ɗora hoton a kan tallar gidan, ya turo wa Si Tuhami da yabo.

Si Allal wanzami yana shagon gahawa ranar, daga bakinsa Lalla Mina ta ji, daga bakinta na ji. Si Tuhami ya shigo yana walƙiya, ya ce a zo a ga aiki. Idonsa ya daɗe da raunana, tabarau ɗin kuma na kwarjini ne, shi dai ya ga launi-launi da wata mace daga nesa. Ya miƙa waya, ta bi hannu-hannu. Mace ce ba ɗankwali, ta naɗe riga har gwiwa, tsokar nama a hannu, baki buɗe tana yi wa wata magana. Ba wanda ya san fuskarta a cikinsu, ko ya sani ba zai ce ba. Amma a igiyar bayanta akwai jallabiya mai ratsin kore da facin ruwan ƙasa a kafaɗa, wadda duk shagon suka yi shekaru suna kallo a jikin Si Tuhami a kan kujerar nan kafin ya ɗinka farar. Wayar ta dawo hannunsa. Sai wani tsoho mai gyaran tukwanen tagulla ya ce, "Si Tuhami, naman bana ya yi kyau. Allah ya maimaita."

Ya cire tabarau ya kai wayar kusa da hanci. An ce bai ƙarasa gahawarsa ba.

Muka ce to, yau dai za a rufe soro. Aka kuwa rufe. Kafin magariba ya sayo kwaɗo sabo fil ya garƙame ƙofar soron gidansa. Na baƙi yana nan a buɗe, har an ƙara kujera. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

Lalla Kenza ta zo gidana da jiƙaƙƙen wanki a kwando. Ba ta yi kuka ba, ba mai kuka ba ce. Ta ce shekara da shekaru yana rufe wa mutane hanyar da ke buɗe, yau layi ya zo kanta. Ta tambaya ko zan bar ta ta ɗaura igiya a tsakar gidana, don nata ba ya samun rana. Muka ɗaura. Da na tashi nawa wankin, sai na ga ba zan iya ɗaukar kwando in hau in bar ta a ƙasa ba, na rataye a gefen nata.

Ba taro aka yi ba, ba wadda ta ce a yi. Lalla Mina ta ji, ta sauko da igiyarta. Ta kusa da ita ma haka. Kafin wata ya ƙare ba mace ko ɗaya a saman lungunmu. Ba daɗi muka ji ba, kada wani ya ɗauka nasara ce. Kaya suna kwana ba su bushe ba, barguna suna warin sanyi, mazan suna shiga gida suna karo da wandunansu a fuska. Gishiri sai an sa takalmi an zaga ta titi. Labari kuwa kafin ya iso ya huce.

Baƙi kuma suka yi ta zuwa, hoton suka gani suka biyo. Su sha shayi, a tsorata su da titi, a tura su sama, su zauna da waya a hannu suna jira. Abin da ke gabansu farantan talabijin ne, da tankunan ruwa, da kuliyoyi. Hasumiyoyin suna nan inda suke, faɗuwar rana ma ba ta fasa ba, amma ba su aka yi musu alkawari ba. Wani an ce ya rubuta cewa unguwar ta mutu. Taurari suka fara zubewa kamar ganyen ɓaure. Ina jin wayar Si Mamun ta bango, tun yana cewa "Si Tuhami, ya muka ji da jama'a" har ya koma "kai Tuhami".

Kafin sanyi ya shigo makullan suka bar ɗamararsa. Yanzu wasu samari ne daga sabon gari suke riƙe da gidajen. Ba sa zuwa. Sun manna ƙaramin akwatin ƙarfe a jikin ƙofa, baƙo ya danna lamba ya ɗauki makulli, shirin kuma waya ce take yi masa. Kujerun suna nan a sama, mu muna nan a ƙasa. Si Tuhami ya koma kusa da ƙofar gari, amma a zaune, kan wani ɗan dakali. In ya ga baƙo da akwati sai ya kira shi cikin tausayi ya gaya masa ya yi hankali da gidajen hayan nan, duk mayaudara ne. Kwaɗon gidansa har yau bai cire ba. Lalla Kenza ta ce ya manta inda ya sa makullin, shi kaɗai ne makullin da ba a karɓe ba, shi ne kuma ya ɓata.

Tun ana saura kaɗan a karɓe makullan gidajen ne ya zo wurina. Da safe ne, na tura allon burodi bakin ƙofa kamar kullum, na koma ciki. Can sai na ji bugu, ba da babban ƙarfen ƙofa na baƙi ba, da ƙaramin nan na 'yan gida. Na buɗe. Ga shi tsaye da allona a hannu, burodi yana tururi, rabon da ya ɗauka tun ina cikin fararen kaya. Ba Turawa a bayansa. Ba tabarau. Hawan hanyar tanderu ya sa yana dafe da gwiwa.

Na karɓa na yi godiya, wannan karon ya tsaya ya ji ta har ƙarshe. Ya tambayi lafiyar 'yata, ya yi wa Si Larbi addu'a, ya ce mutum irinsa ba a sake yi ba. Ya dubi igiyoyin da suka cika tsakar gidana, har da rigar matarsa a ciki, ya kawar da kai.

"Lalla Zuhur," ya ce, "ke ai uwa ce a lungun nan. Kin girma, ba mai kishi a kanki, kuma ke dama ba kya cire mayafi. Akwai baƙi yau, mutanen kirki ne, daga nesa suka zo. Don Allah bayan la'asar ki ɗan hau sama ki yi shanya. Ba sai kin wanke komai ba, ko busassun kaya ne ki rataye, ki sauke, ki sake ratayewa. Ki ba su baya in kina so. In da sauran naman layya, ki hau da shi."